Karen Aro da Albasar Gidanmu

Ni mace ce mai son a faɗi abu bi da bi. Don haka zan fara da wurin zaman, sannan mutanen, sannan abin da ya faru.

Wurin zaman shi ne bakin murhun kakarmu Iya, a wani ƙauye da ke tsakanin Kusada da Ƙofa. Lokacin ba a daɗe da ba mu jiharmu ta Katsina ba, ni kuma ina tsakiyar firamare. Idan sanyi ya shigo, da an idar da sallar isha'i, Iya takan tura guntayen kara cikin murhu, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta, ta yi mana tatsuniya. Tana da doka. Ƙanana a gaba, manya a baya. Wanda bai wanke hannu ba ya koma ya wanke. Wanda ya katse mata magana shi zai ɗebo karan gobe. Ina jin a wurinta na gaji ƙin hayaniya.

Bayan murhun akwai dangar kara, bayan dangar kuma turakar Babanmu. Baba shi ne ɗan farin Iya, kuma a wurinmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi hira, ba ta haɗa ido da shi. Iya ta riƙe wannan da ƙarfi fiye da sauran tsofaffin garin. In tana da saƙo sai ta ce da ɗayanmu, "Je ki ce ma mai turakar can, akuya ta huda danga." Shi ma in ya zo gaisuwar safe daga nesa yake durƙusawa, ta amsa tana kallon tukunya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin maganarsu ta wuce gaisuwa ba.

Baba manomin albasa ne a fadama. A shekarar da nake magana albasa ta yi kyau, har rumfar da yake shanya ta a bayan gida ta cika. Da ta cika sai aka fara ɗiba. Yau a ga gurbin kwando, gobe a ga sawu. Sai Baba ya aika wa abokinsa Ɗanbaba, wani maharbi na Bauranya, ya ara masa kare har a kai albasar kasuwa.

Ɗanbaba da kansa ya kawo shi. Jan kare ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, sunansa Garwashi. Ni na kai musu ruwa zaure, shi ya sa na ji abin da suka ce.

"Sarkin Albasa, ga amana," in ji Ɗanbaba. Haka yake tsokanar Baba. "Da shi nike ci da iyalina. Ƙanzo za a jiƙa mashi, ko tuwon da ya kwana. In an samu ƙashi, to. Kar a ƙara komi."

Baba ya yi dariya. "Haba Ɗanbaba. Ya yi mani gadin dukiya, in sallame shi da ƙanzo? Ranar da zan maido maka shi sai ka tambaya ko naka ne."

"Ni dai na faɗa maka."

Baba mutum ne mai kyauta, kuma mai son a san yana da ita. Ba zan ɓoye wannan ba don shi ya haife ni. Aka ɗaure Garwashi a gindin rumfa, nesa da randa da tabarmar salla, aka ware masa kaskonsa. Ran kasuwar Kankiya Baba ya sayo huhu da tumbi. Albasa kuwa ga ta nan banza, wadda ta ƙuje da wadda ta fara tsiro, ba mai saye. Ya sa Innarmu ta riƙa yanka ta tuli, tana soyawa da kayan cikin har ta narke, a kwaɓa da tuwo a kai wa kare. Kullum haka, safe da yamma. Ƙanshin yakan cika gida. Ƙanena Sani ya taɓa tsayawa yana kallon kaskon ya ce, "Inna, ni ma zan iya gadi. Haushi ne kawai ban iya ba, kuma zan koya."

Iya ba ta yi dariya ba. Ta kira Sani ta ce, "Je ka ce ma mai turakar can, a gidanmu na Rimaye ba a ba kare albasa." Iyayenta masu lambu ne, kuma ta ce karnukan da suka saba kwasar albasar da aka zubar ba su tsufa. Sani ya je ya dawo. Ya ce Baba ya ce a gaishe ta, abin da mutum ya ci ya yi ƙiba ba zai kashe kare ba.

Ana cikin haka Garwashi ya ciji akuyar maƙwabcinmu Malam Idi, wadda ta saba shigowa ta hudar danga. Malam Idi mai saƙar zana ne, ba shi da komai sai awakinsa da hannunsa. Da ya ga ƙafar akuya tana jini, ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce, "Wannan karen sai na ga bayanshi." Kowa ya ji. Magana ce ta ɓacin rai, da yamma ma sun gaisa da Baba a masallaci.

Daga nan kare ya fara lalacewa, kuma na riƙe yadda abin ya bi. Da farko ya rage haushi. Sai ya zama in ya zaga rumfa sau ɗaya ya kwanta yana haki kamar wanda ya koro zomo. Sai ya fara sunsunar kaskon yana kau da kai. Ranar da ya kasa tashi, Baba ya ɗaga leɓensa da tsinke, muka ga dasashinsa fari fat kamar auduga. Inda ya yi fitsari kuwa ƙasa ta yi ja duhu kamar an zubar da zoɓo.

Baba ya miƙe tsaye ya ce, "Guba ce." Ya jira har bayan la'asar. A ƙofar masallaci, mutane ba su watse ba, ya tsayar da Malam Idi. Muna cikin gida muna jin muryarsa. Ya tuna masa abin da ya faɗa ta kan katanga. Ya ce wanda ya nemi kashe mai gadi ya san abin da yake nema a rumfa. Wato ya haɗa masa guba da sata a numfashi ɗaya. Ya ce gobe da safe su haɗu gaban dagaci, a kawo Alƙur'ani, Malam Idi ya dafa in ya isa.

A ƙauye irin namu, wanda aka kira ɓarawo a gaban dagaci, ko ya rantse ya fita, sunan ba ya fita daga jikinsa. Ba mai sake kiransa ya yi masa danga a cikin gida. 'Ya'yansa mata kuma kowa ya san yadda za a riƙa kallonsu.

A wannan maraicen muka taru bakin murhu kamar kullum. Wurin Hajara, ɗiyar Malam Idi, babu kowa. Ita ce take zama kusa da ni, muna lulluɓa da zane ɗaya. Daga turaka rediyon Baba yana ta labarai. Iya ta daɗe tana gyara wuta. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta juya kujerarta ta ba dangar gefe maimakon baya.

"Ga wata nan ta taso," in ji ta. Haka take buɗewa.

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi. Ta ce akwai wata Akuya mai wadata, tana da lambu a bakin rafi. Ƙawarta uwar karnuka za ta yi tafiya, sai ta kawo mata ɗanta ta ce, riƙe mani, abincinsa ƙanzo ne da ƙashi. Akuya ta ce a ranta, ƙanzo a gidana? Gari ya ji an ce Akuya ta ba ɗan amana ƙanzo? Sai ta shiga lambu ta tono abin da ta fi so a duniya, albasa manya manya, ta soya da man shanu. Tana ba shi tana waƙa. Iya ta rera mana, tana buga cinya:

"Ci, ɗan amana, ci ka ƙara,
kar uwarka ta ce na yi rowa."

Ta sa muka amsa, muka amsa. Ɗan kare yana jin yunwa, kuma baƙo ne, ba ya cewa a'a. Ya ci yau, ya ci gobe. Akuya takan buɗe ƙofa don masu wucewa su ji ƙanshi. Sai ɗan kare ya daina wasa. Sai ya daina haushi. Sai bakinsa ya yi fari.

A nan ne rediyon turaka ya yi shiru. Ba a rage shi ba, kashe shi aka yi. Na ji ƙarar maɓallin.

Iya ta ci gaba kamar ba ta lura ba. Ta ce Akuya ta fito tsakar gida tana dube-dube, wa ya tsane ni? Ta duba gabas, ta duba yamma, ta leƙa ta kan katanga. Wuri ɗaya ne ba ta duba ba, cikin tukunyarta. Sai ta tuna Jaki maƙwabcinta ya taɓa yin kuka a kan iyaka. Ta ce shi ne. Ta fita dandali ta faɗa wa kowa, ta ce gobe sai gaban alƙali. A hanyar komawa gida ta gamu da tsohon Kunkuru, ya tsayar da ita.

Iya ta maƙale murya irin ta Kunkuru. "Akuya, mi Jaki ya ba yaron?"

Ta koma muryar Akuya. "Ban gani ba, amma na sani."

"To ke mi kika ba shi?"

"Ni? Albasa da man shanu, safe da yamma. Tambayi kowa."

"Uwarshi ta ce a ba shi?"

"Uwarshi matalauciya ce, ba ta san daɗi ba."

"Kin taɓa ganin wani a danginsu ya shiga lambu ya toni albasa don kanshi?"

Nan Iya ta katse labarin. Ta ɗauki kara ta tura cikin wuta. Muka jira. Sani ya manta da doka ya ce, "Iya, sai me?"

"Kai za ka ɗebo karan gobe," in ji ta. "Sai me kuwa? Akuya ta shiga gida. Gari bai waye ba tukuna, ni ma ban san abin da za ta yi ba. Ku tashi, wuta ta gaji."

Ba ta taɓa barin tatsuniya a tsakiya ba sai ranar. Ƙananan suka tashi suna gunaguni. Ni na isa in gane, kuma da na gane sai na ji fuskata ta yi zafi fiye da murhun. Na tuna ƙanshin nan da muke alfahari da shi. Na tuna muryar Baba a ƙofar masallaci. Da na wuce ta gefen danga na sunkuyar da kai, kamar ni aka yi wa tatsuniyar.

Da safe Baba ya fito da babbar rigarsa ta zuwa gaban dagaci. Ya tsaya a bayan gida wajen kare ya daɗe. Ya ɗauki kaskon ya kife. Ya ce da Inna a jiƙa ƙanzo da ruwa mai kyau, kar a sa komai. Sannan ya fita. Ni an aike ni rijiya, hanyarmu ɗaya, ina bayansa da guga.

Bai bi hanyar gidan dagaci ba. Ya tsaya a ƙofar Malam Idi. Malam Idi yana zaune a waje, shi ma ya sa rigarsa ta Juma'a, ga 'yan'uwansa da suka zo raka shi, ga masu wucewa da suka rage tafiya. Baba ya girme shi, ya fi shi komai da ake ƙirgawa a gari. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa, babbar rigar tana shan turɓaya.

"Malam Idi, na zalunce ka. Ba kai ba ne. Albasa ce na yi ta ba shi. An hana ni, na ƙi ji."

Malam Idi ya dube shi. "Albasa," in ji shi.

"Albasa."

"Ni ina nan ban runtsa ba, ina tunanin inda zan kai ɗiyana, ashe miya ce." Wani a cikin 'yan'uwansa ya yi dariya, ya danne. Malam Idi bai yi ba. Ya ce, "A ƙofar masallaci ka faɗi waccan. Nan ƙofar gidana ce."

"Zan maimaita a can bayan azahar."

"To tashi, rigarka na ɓaci."

Ina tsaye da guga, mata suna wucewa suna kallona suna kallon Baba. Na so ƙasa ta buɗe. Ban taɓa ganin tafin ƙafar ubana a bainar jama'a ba sai ranar. Bayan azahar ya tashi a masallaci ya maimaita, kalma bayan kalma, har da zancen satar. Wannan ban gani ba, amma kafin la'asar babu gidan da bai ji ba.

Saura Ɗanbaba. Aka shimfiɗa buhu a amalanken shanu aka ɗora Garwashi, Baba ya bi da ƙafa har Bauranya. Sani da ya kora shanun ya ba mu labari. Ya ce Ɗanbaba ya ɗaga leɓen karen ya duba, ya tambayi abin da aka ba shi, Baba ya faɗa. Ɗanbaba bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ka ce ba zan gane shi ba. Ka cika alkawari." Baba ya ce zai biya. Ɗanbaba ya ce ba sayarwa ya yi ba.

Garwashi bai mutu ba. Jininsa ya dawo a hankali, amma farautar wannan shekarar ta wuce Ɗanbaba, kuma an ce karen bai sake gudu irin na da ba. Baba ya riƙa aika hatsi Bauranya har kaka ta zagayo. Ana karɓa, amma Ɗanbaba bai sake kiransa Sarkin Albasa ba. Yara kuwa suka sa wa gidanmu suna, gidan miyar kare. Na sha jinsa a hanyar makaranta, har bayan an kai ni gidan miji wasu ba su bari ba. Hajara ta dawo bakin murhu bayan wani lokaci, amma da nata zanen ta dawo.

Maraicen ranar da aka mai da karen, muka taru. Rediyo bai yi magana ba. Sani ya ajiye karan da ya ɗebo ya ce, "Iya, Akuya fa?"

Iya ta riga ta mai da kujerarta yadda take, ta ba danga baya. Ta ce, "Akuya ta je ta durƙusa ma Jaki. Ta kai ɗan mutane gida, ta faɗi abin da ta ba shi da bakinta." Sannan ta ƙara, murya ƙasa ƙasa, "Uwar Akuyar nan ba ta yi asarar haihuwa ba. Nan ta tsaya."

Daga bayan danga muka ji Baba ya yi gyaran murya. Iya ta sunkuya tana hura wutar da ba ta buƙatar hurawa.

Yanzu ina zaune a Kankiya, ni ma da jikoki. Wani malamin dabbobi da ke unguwarmu ya taɓa gaya mini cewa albasa tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffiya, haka ma tafarnuwa, kuma goro ma ba abincinsa ba ne. Na ce masa na sani, an koya mini da tsada. In na ga jikana zai watsa ragowar shinkafa da miya wa karen maƙwabta, nakan riƙe hannunsa. In aka kawo mini riƙon yaro ko jinyar tsoho, kafin a zauna nake tambaya, me yake ci, me ba ya ci, kuma abin da aka ce shi nake yi, ko da ina da wanda ya fi shi a tukunya. Surukaina suna cewa na cika tsanani. Ban damu ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa abin kunyar shi ne safiyar nan, ubana a durƙushe, mutane suna kallo. Sai da na girma na jera abubuwan yadda suka faru, na ga kunyar ta riga safiyar zuwa. Ta fara a zaure, lokacin da aka faɗa masa ƙanzo ya yi dariya. Ta ƙaru lokacin da aka mai da saƙon Iya da gaisuwa. Ta cika a ƙofar masallaci. Durƙuson ne kawai abin da ya rage mana a ciki da za mu iya ba 'ya'yanmu labari. Duk da haka har yau in na ji ƙanshin albasa tana soyuwa da kayan ciki, kaina yakan sunkuya kafin in tuna dalili.

Iya ta rasu ba ta taɓa ce wa Baba uffan a kan maganar ba, shi ma bai taɓa tayar da ita ba. Abu ɗaya ne ya canza. Daga wannan sanyin har ƙarshen rayuwarta, da ta ce ga wata nan ta taso, sai mu ji ƙarar maɓallin rediyo daga bayan danga.